Zinaren Lavreysen: shi kaɗai ne ko su uku?

Malam Habu: Jama'a, ina da ƙorafi. Kwana uku ke nan da na saka bidiyon Harrie Lavreysen na ƙasar Holan a wannan zaure babu wanda ya tanka, alhali da ƙwallo ce da tuni an cika mana waya. Mutumin da ya fara da tseren BMX (na ƙananan kekuna a hanya mai tudu da kwari), ciwon kafaɗa ya mayar da shi tseren keke na cikin ɗaki, sannan ya je Olimfik ɗin Faris a 2024 ya kwashe zinare uku shi kaɗai, ai ya cancanci a ce ba a taɓa yin kamarsa ba.

Baban Hanifa: Malam, Allah ya huci zuciyarka, amma ka janye "shi kaɗai". Ɗaya daga cikin ukun na tseren ƙungiya ne, inda Roy van den Berg yake ja zagayen farko ya kauce, Lavreysen ya ja na biyu, Jeffrey Hoogland kuma ya ƙarasa. Sakan 40.949 da suka kafa tarihi da shi gumin mutum uku ne.

Malam Habu: Nufina babu wani mai tseren keke da ya haɗa ukun a Faris, kuma wuya ɗaya aka rataya wa su.

Hajiya Ladi: Wuya ɗaya ne, amma ƙafafu shida suka taka feda, Malam. Hoogland da ya zo na biyu a bayan Lavreysen a gajeren tsere na Olimfik ɗin Tokyo kullum haka ake cinye masa haƙƙi.

Sani Kaduna: Yaya Habu, ko an bar maka kalmar, Jason Kenny na Birtaniya yana da zinaren Olimfik 7, naka yana da 5, kuma a keirin ɗin Tokyo (tseren da ake fara bin bayan babur kafin a saki 'yan tsere) Kenny ya tsere musu tun da wuri, Lavreysen ya tashi da tagulla.

Hajiya Ladi: Sani, kai ko tseren jakuna Ingila ta shiga za ka goya mata baya, kuma ba maganar Kenny ake yi ba.

Sani Kaduna: Hajiya, da girmanki, ni ban taɓa ɓoye inda nake ba, ke ce dai kike fakewa da Hoogland don ki soki Malam.

Shugaban zaure: Na rufe maganar nan. Abin da na fahimta shi ne kowa ya yarda Lavreysen ne kan gaba, tunda ya riƙe kambun duniya na gajeren tsere daga 2019 har 2024 ba tare da ya sake shi ba. Gyaran Baban Hanifa na nahawu ne kawai, Sani kuma son Ingila ne ya ɗebe shi. Malam Habu, ka sake turo bidiyon.