Musayar waƙa: shallal ɗin wa ya fi? (shallal shi ne ruwan da ke faɗowa daga kan dutse)

Ɗan Tanuma: Salamu alaikum ƴan uwa, jiya da la'asar sama ta zubo mana sosai, ga bidiyon shallal ɗin Dahna na nan Tanuma, Saudiyya, na tura, ga kuma buɗe fage:

Ku zo Tanuma ku ga ikon Rabbana,
Ruwa na dirowa daga dutsen Dahna,
Hazo ya rufe gari har ba ka iya ganin rana,
Ƴan Makka na can zufa ta hana su kwana.

Kawu na Misfala: Kai yaro, shekaran jiya ka zo da bizar aiki har ka fara yi wa Makka gori?

Ɗana rage murna da ruwan aro,
In hadari ya wuce ya watse taro,
Mu Zamzam muke sha tun ina yaro,
Ba ta taɓa ƙafewa ba, ba ma tsoro.

Hajiya Mai Shayi: Allah ya ja kwana Kawu! Wallahi ka gama da shi 😂

Ƴar Maiwurno (jihar Sinnar, Sudan): Kawu a gafarce ni, shallal ake magana ba rijiya ba.

Ku duka ku yi shiru in an ce Jabal Marra,
Ka bi ta Nertiti, ka ji Gulul na ƙara,
Martajalo na can, ruwan ba ya jiran a fara,
Lemo da tuffa a gona kowa na tara,
A Dariba tafki biyu ne, je ka lura.

Dutsen nan na Darfur tsayinsa mita 3,042 ne fa, kuma tafkunan a cikin bakin tsohon dutse mai aman wuta suke, ɗaya ma ruwan gishiri ne.

Ɗan Tanuma:
Yaya ina Sinnar, ina Darfur?
Garinku shimfiɗe yake, ba tudu ko ɗaya,
Kin karanto a waya kin zo kina mana ƙarya,
Ni nawa da idona na gani, da ƙafa na yi tafiya.

Malam Aruli: Tsaya tsaya. Ɗan Tanuma ɗangonka na farko ya ƙare da "fur" sauran da "ya", ina amsa-amo? Tun baitinka na buɗe fage ma ɗango na uku ya yi tsawo yana ɗingishi na yi shiru ne. Ke kuma ƴata ƙwar huɗu ake yi kika kawo biyar, ba a canza gini ana tsakiyar musaya.

Ƴar Maiwurno: Malam bari in gama da yaron nan tukuna.

Ƙanena ka ce ƙarya, Allah ya shirya,
Babanmu ya yi fataucin lemo ta wannan hanya,
Yaƙi ne ya tsare mu, ba don shi ba da tuni na niƙa tafiya,
Kai ko izinin kafili (ubangidan aikinka) kake jira ranar Juma'a ka sha iska ɗaya.

Tun Afrilun 2023 wa ke maganar yawon buɗe ido a can, mu dai addu'a muke Allah ya kawo ƙarshen abin.

Kawu na Misfala: Amin ya Allah. Amma maganar kafili ta yi zafi ƴata.

Hajiya Mai Shayi: Ba ta yi zafi ba Kawu, shi ya fara cewa ƙarya ai, mace ta fi ku baiti sai ku ce zafi.

Malam Aruli: Ɗango na uku da na huɗu ba waƙa ba ne, zance ne aka sa masa wutsiya. A rera shi a ji in numfashi zai kai.

Bazazzagin Jidda: Malam wai wane bahari ne mu ma muke kai? Kullum ka ce karin ya karye ba ka taɓa ajiye baiti ɗaya mun gani ba. Ga nawa:

Matsirga na Kafanchan, jiharmu ta Kaduna,
Farin Ruwa na Wamba, sai ka ɗaga kai ka duba,
Bakano ya ce yana da Tiga, dam ne ba matsirga ba,
Dala da Goron Dutse ko ɗigo ba su zubo ba.

Malam Aruli: Au, abin ya koma kan Kanawa kenan? Farin Ruwa ta Nasarawa ce, mita 150 ɗin nata ba gadon Zazzau ba ne. Kuma "Kaduna" da "duba" ba su haɗu ba, harafin ƙarshe ake dubawa ba wasali kawai ba.

Bazazzagin Jidda: Baiti muka ce Malam, ba darasi ba.

Malam Aruli: Ina zuwa, ana kiran salla.

Direban Jazan: Afuwan sai yanzu na ga saƙonni, ba sabis a hanya. Ni ban iya ƙirgen gaɓa ba, a karɓa haka:

Wadi Lajab tsakanin duwatsu biyu matsattse,
Ruwa sanyi ƙalau, bishiyoyi a jikin dutse,
Amma in ka ga hadari a sama, fita kar ka dakata,
Ambaliya ba ta sallama, ko a nan ba a yi ruwa ba za ta taho.

Da gaske nake wannan na ƙarshen, ruwan a saman dutse ake yinsa ku kuna ƙasa rana na haska ku, sai dai ku ji ƙugi.

Ɗan Tanuma: To wa zai zo Dahna kafin ya ɗauke? Shayi da gasasshen nama a kaina. Yaya har ke, na janye kalmar ƙarya amma ban janye Sinnar ba.

Kawu na Misfala: Ka ji ko, "kafin ya ɗauke". Da bakinka fa.

Hajiya Mai Shayi: Malam Aruli an idar da sallar tun ɗazu, ina baitin?