Shawara kan garin ƙwayoyin taki da haɗa dawa da wake

Manomi daga Bichi: Assalamu alaikum. Gonata jigawa ce, takin zamani kuma ya fi ƙarfina bana, shi ya sa nake neman shawararku kan garin nan mai ƙwayoyin halitta da ake cuɗa iri da shi, da kuma tsarin da ya dace in haɗa dawa da wake.

Malamin gona daga Zariya: Wa alaikumus salam, Malam. Wanda na sani sosai shi ne NoduMax, wanda cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan take yi domin waken suya. Ƙwayoyin suna shiga saiwa, su yi ƙananan ƙulle-ƙulle, su riƙa jawo sinadarin naitirojin daga iska. Da yake abu ne mai rai, sai ka cuɗa shi da irin a inuwa, da ɗan ruwan ƙaro domin ya kama, ka shuka a ranar cikin ƙasa mai laima. Idan shukar ta yi fure, ka tumɓuke ɗaya ka fasa ƙullin da farce. In ka ga cikinsa ja-ja, aiki yana tafiya. Amma kada ka ɗauka ya maye gurbin komai, domin ba ya ba da sinadarin fosfaras, dole ka ƙara takin supa ko da kaɗan ne.

Dattijo daga Maraɗi: Ɗana, ka fara kai takin dabbobi tun da rani, kuma in akwai gawo a gonarka kada ka sare shi, domin da damina yake zubar da ganye.

Manomiya daga Minjibir: Baba ya yi gaskiya. Game da tsari kuwa, mu mun bar gicci mun koma kunya 2 na dawa, kunya 4 na wake, yadda masu binciken IITA na Kano suka koyar. Waken yana samun rana, feshi yana sauƙi, ga harawa mai yawa ga tumaki. Baɗi sai ka mayar da dawar inda waken ya zauna.

Manomi daga Bichi: Na gode, Hajiya. To, ciyawar wuta-wuta fa? Ta addabi gefen gabas na gonar.

Malamin gona daga Zariya: A nan ka sa waken suya zalla, domin saiwarsa tana sa ƙwayar wuta-wuta ta tsiro, ta rasa inda za ta kama, ta mutu. Wadda ta fito a cikin dawa kuma ka cire ta kafin ta yi fure.