Wayfai ya ɓace a laftof ɗina bayan na saka Linux Mint

Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka min. Na cire Windows na saka Linux Mint a tsohuwar laftof ɗina HP, komai na aiki amma wayfai ko alamarsa babu a ƙasa, sai da kebul nake hawa intanet kuma gidanmu babu kebul, sai na je shagon abokina.

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. Malam buɗe taminal (tagar rubuta umarni) ka rubuta rfkill list, in ka ga hard blocked yes to maɓallin wayfai ne a kashe, duba saman kibod wajen F12 ka danna.

Mai tambaya: Na duba yallaɓai, babu abin da ya fito ma kwata-kwata.

Amsa ta 2: To direba (manhajar da ke sa katin wayfai aiki) ce ba ta hau ba. Rubuta lspci ka ga sunan katin, galibi irin waɗannan tsofaffin HP ɗin katin kamfanin Broadcom ne, ni ma sai da na yi kwana uku a kansa. Jona wayarka da kebul ka kunna USB tethering (raba intanet ɗin waya da laftof), sannan ka shiga Driver Manager zai nuna maka bcmwl, wato direbar Broadcom ɗin, ka saka ka sake kunna na'urar. In Secure Boot (tsarin tsaro na lokacin tashin na'ura) a kunne yake a BIOS (saitin da ake shiga da zarar an kunna na'ura) kashe shi, yana hana direbar lodi.

Mai tambaya: Broadcom ɗin ne kuwa! Ya kama yanzu, Allah ya saka da alheri.