Saita kafar modem ɗaya don karɓar kira da yin kira a Linux

Abu Hafsat:
Assalamu alaikum. Muna da kwamfuta mai Linux a ofis wadda aka jona wa modem na waje a kafar serial mai suna ttyS0, kuma layin tarho ɗaya gare mu. Ina so in riƙa shiga kwamfutar daga nesa ta wannan layin idan intanet ta katse, ita ma ta riƙa kiran waje idan buƙata ta taso. Na kunna agetty, manhajar da ke jiran mai son shiga kwamfuta, a kan kafar, na kuma ba modem ɗin umarnin ATS0=1 domin ya amsa da kansa. Kira yana shigowa lafiya, amma idan na kira waje da manhajar minicom, da zarar an haɗu sai haruffa su riƙa ɓacewa. Ina aka samu matsala?

Injiniya Bala:
Wa alaikumus salam, Malam. Manhajoji biyu ne suke karatu daga kafa ɗaya a lokaci guda. Da zarar modem ya sanar cewa an haɗu, agetty yana ɗauka baƙo ne ya kira, sai ya farka ya riƙa kwashe haruffan da minicom ke jira. Shawarata ita ce ka koma mgetty, wadda Gert Doering ya rubuta saboda irin wannan aiki, domin tana mutunta fayil ɗin kulle, wato fayil ɗin da ke nuna cewa ana amfani da kafar. Duk manhajar da za ta kira waje tana ajiye /var/lock/LCK..ttyS0 ɗauke da lambar aikinta, mgetty kuma sai ta janye har a goge fayil ɗin, sannan ta dawo ta sake shirya modem. Idan tsarinka yana tayar da manhajoji ta fayil ɗin inittab, wannan layin ya wadatar a cikinsa:

S0:2345:respawn:/sbin/mgetty ttyS0

Ka kuma mayar da umarnin amsawa zuwa ATS0=0. Ita mgetty ce za ta ga RING (alamar shigowar kira) ta aika ATA (umarnin ɗaukar kira), saboda haka idan kwamfutar ta tsaya, modem ba zai ɗauki kiran da babu mai karɓarsa ba.

Ummu Khalil:
Ina goyon bayan Injiniya, sai dai akwai abin da yake yawan wahalar da mutane. Dole ne kowace manhaja ta kira kafar da suna ɗaya, domin idan minicom na kiran kafar da sunan /dev/modem, kullen da zai ajiye LCK..modem ne, wanda mgetty ba za ta duba ba, rikicin kuma ya dawo. Tsofaffin bayanai suna cewa a kira waje ta /dev/cua0, amma an daina wannan a Linux tun kernel 2.2, ko da yake FreeBSD, wani tsari irin Linux, har yanzu tana raba ttyu0 na karɓar kira da cuau0 na yin kira. Haka nan, Malam, ka ba modem AT&C1 domin ya faɗi gaskiyar ko an haɗu, da AT&D2 domin ya katse kira idan manhaja ta rufe kafar, sannan ka adana su da AT&W. In ba haka ba, wanda ya kira daga baya yana iya tarar da zaman wani a buɗe, wannan kuwa babban haɗari ne.

Abu Hafsat:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Yanzu komai yana tafiya daidai, amma gudun bai wuce bit 33,600 a daƙiƙa ba, alhali modem ɗin na 56k ne.

Injiniya Bala:
Wannan ba laifin saitinka ba ne. Tsarin V.90 da modem na 56k ke amfani da shi yana buƙatar ɓangare ɗaya ya kasance a kan layin dijital, don haka modem biyu a kan layukan tarho na yau da kullum ba sa wuce 33,600. Ka bar gudun kafar a 115200 tare da RTS/CTS, wato tsarin daidaita kwararar bayanai tsakanin kwamfuta da modem, a kunne.