Waɗanda suka nemi sayen mota daga 2023 zuwa yau, yaya kuka ƙare?

Baban Ummi, Kano:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema daga waɗanda abin ya shafa da kansu. Ni malamin makaranta ne, tun ƙarshen 2022 nake zubin adashi don in rabu da tsohuwar Golf ɗina in sayi Corolla 'yar Beljiyam. Saura ƙiris kuɗin su cika aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, wata na zagayowa kuma aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin a yi nisa cikin 2024 ta haura 1,500. Ranar da na ɗauki kwasata na je wurin dillali, ya ƙirga ya dube ni ya ce, Malam, wannan yanzu rabin mota ne. Har yau kuɗin suna ajiye, kullum darajarsu tana zagwanyewa. In ci gaba da tari ne, ko in sayi wadda aka hau a nan gida, ko in zuba su a gyaran Golf?

Dillalin Motoci, Kano:
Wa'alaikumussalam Malam. Shekarata goma sha bakwai a wannan sana'a, kuma wallahi yadda abin yake ci maka rai haka yake ci mana. Mutane suna ganin mu muke tsawwalawa. Bari in faɗa maka yadda kuɗin ke taruwa a kan mota ɗaya.

Sunan Beljiyam kawai ya bi su, amma yawancin waɗanda muke kawowa yanzu daga Amurka da Kanada suke, da yawa daga gwanjon motocin da suka yi hatsari. Da dala za ka saya, da dala za ka biya jirgin ruwa. In ta sauka Legas, kuɗin fito ma da dala ake ƙiyasta shi, sannan a juya shi naira bisa canjin ranar. A 2022 aka tsayar da fiton tsohuwar mota a kashi 20 cikin ɗari, da wani harajin kashi 15 a kai, ga harajin VAT kashi 7.5. A shekarar ce kuma aka koma ƙiyasta darajar mota da lambar jikinta ta kwamfuta, babu sauran ciniki kan kuɗin fito. To dala ta ninka uku, fito ya bi ta. A farkon 2024 na taɓa yin lissafin fiton wata Camry ranar Litinin, kafin Alhamis canjin ya sauya, sai da na ranto cikon.

Da, filina ba ya rasa mota ashirin 'yan waje. Yau shida ne, sauran duk na mutanen gari ne da suka kawo a sayar musu. Ga shi a Afrilun 2025 Trump ya ɗora harajin kashi 25 kan motocin da ake shigarwa Amurka. A ganina in sabuwa ta yi musu tsada za su riƙe tsofaffinsu, mu da muke jiran kwance mu sha wuya.

Maman Hanif, Kaduna:
Malam, kada ka sayar da Golf ɗin nan kafin wata ta shigo hannunka. Ni na yi haka. Da fetur ya tashi daga ƙasa da naira 200 ya wuce 500, na ga ba zan iya ciyar da motata ba, mai babban inji ce, na sayar da nufin sayen ƙarama. Wata uku ina dubawa, kuɗin suka kasa sayen ko wadda ba ta kai tawa ba. Yanzu yara huɗu nake sawa a Keke kullum safe, ranar ruwan sama kuwa sai dai haƙuri.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Da can ku kuke cika mana gari, ku zo da naira ku canza sefa ku zaɓi motar da ta fito daga Kwatano. Tun da gwamnatinku ta hana shigo da mota ta iyakar ƙasa a Janairun 2017 abin ya fara ja baya. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 kuma aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, a iyakarmu da Benin, kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina. Motar da na yi oda ta fi wata biyu a hanya tana jiran rakiyar soja, ga kuɗin duwan, wato kwastam. Nairarku kuma ta yi sanyi a gaban sefa, ko kun zo ba riba.

Direban Funtuwa:
Ni kwaɗayin araha ya ja mini. Wani ya kawo mini Sharan da takardun fito cif-cif, farashi ƙasa da na kasuwa sosai. Wata biyar ina lodi da ita, aka tsayar da ni a hanya, aka duba lambar, ashe takardun na jabu ne. Sai da na sayar da filina na biya fiton gaskiya, wanda ya sayar mini kuma wayarsa a kashe har yau. Duk wanda zai saya, ya je ofishin kwastam a tantance masa takarda kafin ya ba da ko sisi.

Tsohon Bakanike, Kaduna:
Ɗana Baban Ummi, ka saurare ni. Ina yaro aka buɗe kamfanin Peugeot na Kaduna a 1975. Na ga lokacin da ma'aikacin gwamnati zai karɓi bashin mota ya fito da 504 sabuwa dal, ledar kujera ba a cire ba. Lokacin nan a Bauchi ana haɗa Steyr, a Kano ana haɗa manyan motocin Fiat, a Legas Volkswagen. Abin da ke ƙona mini rai ke nan: an sa haraji mai nauyi wai don a kare masu haɗa mota a gida, amma wadda ake haɗawa a gidan malamin makaranta ba zai iya tunkararta ba. An rufe masa ƙofa biyu.

A garejina yanzu ba mai cewa a sauya, kowa cewa yake a lallaɓa. Jiya wani ya kawo mota birki ya cinye har ƙarfe yana cin ƙarfe, ya ce in liƙa masa fata a kan tsohon. Na ƙi, na ce rai ne a ciki. Baƙin mai sai ya koma kamar kwalta kafin a juye. Taya kuwa ta Beljiyam ake saye wadda ta shekara goma, gefenta duk ya tsattsage.

In bodin Golf ɗinka bai ruɓe ba kuma giya tana shiga lafiya, ka nemi inji mai kyau a kasuwar Ƙofar Ruwa ko nan Fanteka, ka tafi da bakaniken da ka yarda da shi, a tayar da shi a gabanka ka ga kalar hayaƙin. Ka sa sabbin tayoyi huɗu, ka gyara ƙafa. Ba zai ci sulusin kuɗinka ba.

Baban Ummi, Kano:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya Maman Hanif, dama akwai wanda ya taya Golf ɗin, yanzu zan kira shi in ce na fasa. Baba, bodin lafiya lau yake, sai ɗan tsatsa a ƙasan ƙofar baya, amma giya ta uku tana ƙara in ta yi zafi. Ranar Asabar zan shiga Ƙofar Ruwa. In zan sayi injin, gara in haɗa da giyarsa gaba ɗaya ko a buɗe tawa a duba tukuna?