Musayar Waƙa a Kan Gishiri da Sukari

Baba na Ƙofar Marusa, Katsina:

Jiya aka auna ni aka ce jinina ya hau. Ga abin da ya zo mini a baki, kuma duk mai amsawa ya riƙe amsa-amon "ri".

Kakanmu ya sha fura da nono har ya tsufa,
Ba ruwansa da allura, balle ciwon sukari.
Tuwon dawa da miyar kuka ne cimarsa,
Ya tafi gona a ƙafa, ya kwanta barci da wuri.
Ni da nake cin shinkafa da miya mai maiƙo,
Yau likita ya umarce ni in rage gishiri.
Ku gaya mini, 'ya'yana, laifin na wane ne,
Na tukunyar zamani, ko na tsufan da ya zo da sauri?

Malama, ma'aikaciyar jinya daga Daura:

Baba, Allah ya ƙara sauƙi, ga amsar 'yarka,
Tsufa na da nasa kaso, amma a tuhumi gishiri.
Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yini guda,
Kada a kai giram 5, ƙaramin cokali ke nan ba ƙari.
Mu kuwa mukan barbaɗa shi, mu bi shi da dunƙule,
Alhali dunƙulen nan kusan rabinsa gishiri.
Yana tara ruwa a jiki har jini ya matsa wa jijiya,
Zuciya ta galabaita, ƙoda ta shiga hatsari,
Har wata rana mutum ya tashi ɓarin jiki ya shanye,
Dangi su ce jifa ce, ko iskar bayan gari.
A ce wa Inna ta ƙara daddawar kalwa da citta,
Miya za ta yi ɗanɗano, harshe zai koyi haƙuri.

Ƙanenku mai shayi a Ƙofar Ƙaura:

Yaya Malama, ni ma ina da laifin da zan amsa,
Cokali 4 na sukari nake zubawa, wani ya ce in yi ƙari.
An ce babba kada ya wuce cokali 12 a yini,
Lemon kwalba ɗaya ya kai 8, sauran ya ƙare da wuri.

Hajiya, mai sayar da ƙuli-ƙuli a Daura:

Malam, ka yabi kakanka, amma ka ƙidaya ƙannensa,
Nawa tamowa da ƙyanda suka kai su kabari?
Cimar da ma tana da aibu idan ba a kula ba,
Gyaɗar da ta yi funfuna a rumbu guba ce a asiri,
Tana cin hanta a hankali har ta kai ga ciwon daji,
Shi ya sa nake tsince ta kafin in kai ta niƙa cikin gari.
Zogale da rama da yakuwa suna nan a bayan ɗaki,
Sai dai nama da ƙwai sun zama abin marmari.

Baba na Ƙofar Marusa:

Hajiya, kin kama ni, kakanmu ya binne ƙanne uku,
Na manta da su ne don ina zumuɗin ba da labari.
Na ce wa uwargida dunƙule ɗaya ya isa tukunya,
Ta ce in ba ta sati biyu ta sake tsari.
Saura tambaya ɗaya, Malama, kafin in je masallaci:
Furar yamma ta halatta idan ban sa mata sukari?