Taƙaitawa: koyar da tarihin halittun tsibirai

Ga abin da malaman labarin ƙasa na Kaduna suka tattauna:

1. Kowa ya yarda a fara da zurfin teku. Shekara 20,000 da suka wuce ƙanƙara ta riƙe ruwa, teku ya sauka kimanin mita 120.
2. Misali mafi kusa shi ne Bioko, tsibiri a Tekun Atlantika: mashigin ruwan da ke tsakaninta da Kamaru ya ƙafe, birai suka haye da ƙafa. Sao Tome kuwa, wani tsibirin can cikin tekun, ba ta taɓa haɗuwa da nahiya ba. Biranta mutane ne suka kai su.
3. A aji, a tara yashi cikin baho, a riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan har tudun yashin ya yanke ya zama tsibiri, kamar yadda Bioko ta yanke da teku ya sake cika. In aka kwarara, yashin rushewa yake.
4. An rabu kan yadda kwaɗi suka isa Sao Tome. Galibi sun ce tarkacen itatuwa daga bakin kogi ya ɗauko su, ƙalilan suka ce tsuntsaye.